Minti Hamsin da Biyu

Abu ɗaya Baba ya taɓa nema a wurina, shi ma bai kira shi roƙo ba. Yakan faɗe shi ne kamar mai ba da saƙon cefane: ran da ya mutu, ni zan shiga kabari in karɓe shi da hannuna. Ni ne babban ɗansa, kuma yana da dalilinsa. Nasa uban ya rasu a ƙauye Baba yana can yana lebura a barikin haƙar kuza wajen Bukuru, labari bai iske shi ba sai bayan an yi sadakar bakwai. Ya haifi 'ya'ya, ya gina gida a Nasarawa Gwom, ya yi furfura har ya fara mance sunayen jikokinsa, amma wannan abu bai bar ransa ba. Duk lokacin da muka dawo daga jana'izar wani sai ya tuna mini, ni kuma in ce masa ya daina kira wa kansa mutuwa, ai ina nan cikin gari, ina zan je?

Malamin lissafi ne ni a makarantar sakandare, kuma ina da cutar masu wannan sana'a: in magana ta zo da lamba sai in ga ta fi ta baki gaskiya. Mutum ya ce mini wuri da nisa, ban ji komai ba. Ya ce kilomita huɗu, sai in gyara zama. Matata ta sha yi mini tsiya cewa da za a rubuta mata farashi a goshi da na fi daraja ta.

Hawan jini ne ya kai ni dutse. Likita ya ce in rage gishiri in riƙa motsa jiki, sai wani maƙwabcina a Daɗin Kowa ya ja ni cikin wata ƙungiya ta masu hawan dutse ranar Asabar. Yawancinmu ma'aikatan gwamnati ne masu tumbi, da 'yan mata masu neman wurin ɗaukar hoto, Musulmi da Kirista, kowa da gorar ruwansa. A nan na samu manhajar nan ta waya mai nuna taswira. Ka taɓa inda kake, ka taɓa inda za ka, ta ja maka layi ta ce awa kaza da minti kaza. Ba ta cewa kusan, ba ta cewa in Allah ya yarda. Na kamu da sonta nan take, har na zama ni ke sanar da jama'a lokacin da za mu kai da lokacin da za mu dawo, kamar wani direban jirgin ƙasa.

Mutum ɗaya ne ba ya sauraron sanarwata. Wani dattijo ne daga Anguwan Rukuba, tsohon ma'aikacin safiyo, mai awon ƙasa, da ya yi ritaya, kowa na kiransa Oga. Ya haura saba'in, siriri, da sandar gora da takalmin roba, kuma duwatsun Shere tun yana saurayi yake jan sarƙar awo a cikinsu. In ka tambaye shi awa nawa za a yi, ba ya amsawa sai ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Yakan tambayi wa ke da ciwon gwiwa, wa bai karya kumallo ba, an yi ruwa jiya ko ba a yi ba. Sai ya nemo wanda ya fi kowa rauni a cikinmu, da ƙafar wannan mutumin yake lissafi. Wurin da ya miƙe tsaye ya ninka shi biyu, in da damina ya ninka uku. Ni kuwa abin haushi yake ba ni, don amsarsa kullum ta fi tawa tsawo, kuma kullum da "wataƙila" a ƙarshenta.

"Malam, wannan waya naka tsuntsu ne," ya ce mini wata rana. "Shi yana auna hanya daga sama. Bai da gwiwa."

Aka yi dariya, ni ma na yi, amma ta ciki na ciki. Na ce a raina tsoho ne yake kishi, an zo da abin da ya ƙwace masa sarauta.

Asabar ɗin da nake magana a kanta cikin watan Agusta ce. Baba ya yi wata biyar yana fama da jiki, yau sauƙi gobe kwanciya, har mun saba. Ranar Juma'a da yamma na je na same shi zaune a tabarma ya sha kunu rabin kofi, yana yi wa ƙanina faɗa a kan wata akuya da ta ci masa ganyen zogale. Mai faɗa a kan akuya ai ba mai mutuwa gobe ba ne, haka na gaya wa matata da safe sa'ad da ta ce da na haƙura da dutsen nan na wannan makon. Na nuna mata wayar: awa ɗaya da minti hamsin hawa, ƙasa da haka saukowa, kafin azahar ina gida. Ta dubi wayar, ta dube ni, ta ci gaba da wanke-wankenta.

An kwana ana ruwa. Mun fara hawa ƙarfe takwas saura, ba mu kai ƙololuwa ba sai sha ɗaya ta gota. Awa uku da 'yan kai ke nan a inda aka ce mini awa ɗaya da minti hamsin. In ɗalibina ya kawo mini amsa mai irin wannan tazara da jan biro zan bi ta. Amma a ranar sai na nemo wa manhajar uzuri: 'yan matan ne suka tsaya hoto, wani mai tumbi ne ya riƙa zama yana haki. Laifin kowa ne ban da lambar. Wannan wurin ne har yau in na tuna nake jin kamar in mari kaina, domin an nuna mini ƙaryar manhajar a gaban idona, da safiyar ranar, na ƙi gani.

Sabis ba ya samuwa a hanyar sai can sama. Muna kaiwa wayoyin mutane suka fara ƙara, tawa ma ta yi. Ƙanina ne.

"Yaya, sai haƙuri. Baba ya cika."

Na zauna a kan dutse. Na yi salati, ban san sau nawa ba. Ƙanina ya ce bai fi rabin awa ba, Baba ya nemi ruwa, kafin a kawo ya tafi. Ya ce an aika a haƙa kabari, maƙwabta sun fara taruwa. Daga nan ya yi mini tambayar da ta zame mini ƙaya har yau.

"Liman yana tambaya, bayan azahar za a yi ko bayan la'asar? Mun ce sai abin da ka ce."

Daga inda nake zaune ina ganin Jos gaba ɗayanta a shimfiɗe, rufin kwano yana walƙiya, har ina iya nuna gefen da unguwarmu take. Na cire wayar daga kunne na buɗe taswira. Layi biyu ta ba ni. Ɗaya hanyar da muka hawo ce, mai zagaye. Ɗayan ɗigo-ɗigo ne, ya miƙe ta gefen dutsen ya sauka kai tsaye, a jikinsa an rubuta minti hamsin da biyu. Na ƙara minti arba'in na mota. Ƙarfe ɗaya ina gida, azahar kuwa a masallacinmu sai ƙarfe biyu. Har da rarar awa guda.

Na ce masa azahar.

Zan faɗi gaskiyar da ban taɓa faɗa wa ƙanina ba. Ba lissafin kaɗai ya sa na ce azahar ba. Kunya ce. Na hango dattawan unguwa zaune a ƙofar gida ana tambayar me ake jira, ana cewa babban ɗan ne ya tafi yawon dutse da 'yan mata, uban yana kwance. A wurinmu ba a ajiye gawa ba dalili, gaggauta ta shi ne mutunta ta, kuma ban so a ce saboda ni aka jinkirta. Lambar nan ta zo ta ba ni mafaka, na shige ƙarƙashinta da gudu.

Oga yana tsaye kusa da ni, ya ji komai. Ya cire hularsa ya yi mini gaisuwa, sa'an nan ya leƙa wayar ya ga layin da nake nufi. Ya ce wannan hanyar rani ce, ta masu itace, da damina ba a bin ta. Ya ce akwai rafi a ƙasa, kuma saukar dutse bayan ruwa ta fi hawansa cin lokaci, ko ta tsohuwar hanya sai mun yi awa biyu da rabi in mun yi sauri.

"Ka kira shi yanzu, tun da akwai sabis," ya ce. "Ka ce la'asar. Ba wanda zai zage ka."

"Oga, ubana ne ya mutu, ba naka ba."

Haka na ce wa mutumin da ya kusa sa'ar mahaifina, a gaban jama'a. Ya gaya wa sauran su koma ta inda muka zo, ya ɗauki sandarsa ya biyo ni, domin a tsarinsa ba a barin mutum ɗaya ya sauka shi kaɗai, ko da mutumin ba shi da kunya.

Minti goma na farko hanyar ta yi kyau, har na waiwaya na dube shi don ya gani. Daga nan ta shige cikin ciyawa wadda ta fi ni tsawo, jiƙaƙƙiya, tana yankar hannu. Sabis ya ɗauke. Taswirar dai tana nan, ɗigon da ke nuna ni yana tafiya a kan layinsa lafiya lau, sai dai a ƙasa babu wata hanya, sai sandar Oga da ke buɗe mana ciyawa. Muka fito kan wani falalen dutse mai gangara, faɗinsa ya kai filin ƙwallo, ruwa na tsattsafowa a kansa, gansakuka ta yi masa kore. A taswira wurin bai kai tsawon farcena ba. Da mazaunai muka sauka, muna ja kaɗan-kaɗan, ni da na fito da takalmin hawan dutse mai tsada. Sau ɗaya na yi gigin miƙewa don in yi sauri, ƙafata ta zame, na tafi sai da wani kututture ya tare ni. Gwiwar hannuna ta fashe. Oga ya iso, ya duba, ya ce ba karaya, muka ci gaba.

Na duba waya: saura minti talatin da takwas. Muka yi tafiyar da na tabbata ta kai rabin awa, na sake dubawa: saura minti talatin da biyar. Tun ina dubawa da fata har na koma dubawa da ƙiyayya. Abin ba ya jin kunya. Ya yi maka ƙarya, ka kama shi, ya sake yi maka wata da fuska ɗaya.

Sai rafin. Layin ya tsallake shi kamar babu komai, kuma na yarda da rani akwai duwatsun takawa. A ranar ruwa ne ja, yana tafe da rassan itace, ƙararsa har ba ma jin juna sosai. Na fara naɗe wando. Oga ya riƙe mini hannu, riƙon da ban zaci yana da ƙarfinsa ba, ya ce in na shiga nan gawa biyu gidanmu za su yi yau. Dole muka bi gaɓar rafin muka koma sama, muna neman inda ya rabu biyu. Wato muna hawan dutsen da muka sauko. Lambar da ke wayar ta fara ƙaruwa.

Ƙarfe ɗaya da rabi ta same ni a kan wani dutse, na ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa, ina neman sabis ko layi ɗaya don in ce wa ƙanina a mayar la'asar. Kalma ɗaya ce kawai. Na rubuta ta, na tura, ta ƙi tafiya. Awa biyu da suka wuce ina da sabis cike da waya, ga kuma mutum a gefena yana roƙona in faɗe ta. Na yi kuka a wurin, ba kukan rashin uba ba tukuna, kukan haushin kaina. Oga ya juya baya yana gyara igiyar takalmin da ba shi da igiya, har na gama.

Tsawon tafiyar nan bai ce mini "na gaya maka" ba ko sau ɗaya. Da ya faɗa da na ji sauƙi, da na samu wanda zan yi wa faɗa. Gwiwarsa ta fara ciwo tun a falalen dutsen, ina ganin yadda yake dafa sanda, amma shi ke gaba. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa, sun kuma ce hangen Dala ba shiga birni ba. Na san su duka tun ina firamare, har a jarrabawa na rubuta su.

Uku saura kwata muka faɗo cikin wata gonar masara, nesa da inda muka ajiye motoci. Oga ya zauna a kan dutse a bakin hanya ya ce ba zai iya ƙara taku ba, in tafi. Ya tsayar mini da wani mai babur da ya sani, ya yi masa magana da yarensu. Na hau na bar shi nan, ko na gode ban ce ba.

Muna hawa kwalta wayar ta farfaɗo, ta yi ta rawa a aljihuna. Kiran da aka yi mini ban iya ƙirgawa ba. Saƙonnin ƙanina huɗu ne, a jere: an fito da shi, Yaya kana ina, hadari ya haɗo, mun tafi. A ƙarƙashinsu kuma ga manhajar tana taya ni murnar kammala sabuwar hanya, tana tambaya tauraro nawa zan ba ta.

Daga baya aka ba ni labarin yadda aka yi. An idar da azahar aka fito da makara ƙofar gida, tun da na ce ina tafe. Aka yi sahu. Abokan Baba na zamanin kuza, waɗanda suka rage, suna tsaye a kan sandunansu. Ƙanina ya roƙi liman minti goma, aka ba shi, ya sake roƙon goma, aka ƙara masa, har aka haura rabin awa ana tsaye. Wani ya kawo shawarar a dakata sai la'asar, kawunmu ya ce gawar da ta fito ba ta komawa cikin gida, kuma ga sama ta yi baƙi, in ruwa ya sauko kabarin zai cika. Gaskiya ya faɗa. Da tun farko la'asar aka sa, da Baba yana kwance a ɗakinsa cikin likkafani, ba wanda ya tsaya a rana, ba wanda zai ce uffan. Ni na sa aka fito da shi.

Mai babur ya sauke ni a bakin maƙabarta, mutane suna fitowa. Suka riƙa buɗe mini hanya suna miƙo hannu, suna Allah ya jiƙansa, idanunsu kuwa a kan kayana: riga mai ruwan lemo, wando ya yage a baya, laka har gwiwa, gorar ruwa tana reto a ƙuguna. Wani tsoho abokin Baba ya riƙe hannuna ya daɗe, ya ce, "Ka iso?" Na ce na iso.

An riga an tayar da ƙasa, an jera duwatsu a gefe. Ƙanina yana tsaye a wajen kai, shi da mutum biyu. Abin da na fara gani a jikinsa gwiwoyin wandonsa ne da gaban rigarsa, sun yi ja da ƙasar kabari. Shi ya shiga. Na san ba shi da laifi, na san cewa in ba shi ba wa zai shiga, amma sai da na yi wata biyu ban iya kallonsa sosai ba, kuma wannan ma yana cikin abubuwan da nake jin kunyarsu.

Bai yi mini faɗa ba.

"Yaya, ai na tambaye ka. Da ka ce la'asar da mun jira."

Baba nisa ne ya hana shi, da rashin mai kawo labari. Ni labari ya same ni cikin rabin awa, ina kallon garin da idona, aka kuma ba ni zaɓi.

Bayan kwana uku Oga ya zo gaisuwa yana ɗingishi, ya cire takalmin robarsa ya zauna a gefen tabarma cikin mutanen da bai sani ba. Na matsa kusa na ba shi haƙuri a kan maganar da na faɗa masa. Ya ce wace magana, shi bai ji komai ba, iska ta yi yawa a saman. Ban sake hawa dutse ba tun daga ranar, hawan jinin ma na bar shi da ƙwayoyi.

Amma abin da ya fi zauna mini shi ne na bakin kabarin. Akwai bokiti a ajiye da sauran ruwa a ciki, na yayyafin da ake yi a kan ƙasa in an gama. Ƙanina ya hana a yi, ya ce a bar wa Yaya ko wannan. Ya ɗauko ya miƙo mini. Na durƙusa na fara yayyafawa da hannuna mai jini, daga wajen kai zuwa ƙafa, a hankali, don in ja abin ya daɗe. Ban kai rabi ba ruwan sama ya sauko, mai ƙarfi, ya jiƙe kabarin gaba ɗaya cikin ƙiftawar ido. Mutane suka ruga neman mafaka. Na tsaya da bokitin a hannuna, da sauran ruwan da ba a buƙata.